Ba Ɓarayi Kaɗai Suka Durƙusar da Man Najeriya Ba

Najeriya ta fara fitar da ɗanyen mai a 1958 daga Oloibiri, a Jihar Bayelsa ta yau. Haƙon ya yi ta hawa har ya kai kusan ganga miliyan 2.3 a rana a 1979, ya taɓa miliyan 2.5 a 2005, sannan ya kama gangara, har a watan Agustan 2022 ya faɗi ƙasa da miliyan ɗaya. Amsar da ta cika bakin jami'ai da 'yan jarida kan dalilin faɗuwar ita ce sata: a kama masu fasa bututu, arziki ya dawo. Wannan magana ta yi wa masu mulki daɗi, domin ta jibga laifin a kan samarin da ke dafa ɗanyen mai cikin tankunan ƙarfe a surƙuƙin Neja-Delta.

Ana satar, babu musu, kuma ɓarnarta babba ce. Sai dai filayen Agbami da Egina suna can tsakiyar teku, daga rijiya ake loda mansu cikin jirgi, babu bututun da ya ratsa ƙauyen kowa, amma su ma abin da suke bayarwa ya ragu matuƙa. Rijiyar mai tsufa take yi. Ƙarfin da ke turo man sama yana raguwa, ruwa ya riƙa biyo shi, dole a haƙa sababbi a gyara tsofaffi. Aiki ne mai cin kuɗi, ga shi kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya yi shekara da shekaru ba ya cika kasonsa a haɗin gwiwarsa da kamfanoni irin su Shell da Chevron, har a 2016 aka daidaita bashin a kan dala biliyan 5.1.

Abin takaicin ma shi ne dokar gyaran masana'antar mai. Ta shiga Majalisa a 2008, ba a sa mata hannu ba sai Agustan 2021. Wane mai jari ne zai yi shekara 13 yana jiran ya san harajin da zai biya? ExxonMobil ya zuba kuɗinsa a Guyana, wadda sai a 2019 ta fara haƙo mai, daga baya ya sayar wa kamfanin Seplat rijiyoyinsa na gaɓar tekun Najeriya.

Tun 2022 gwamnati ke biyan kamfanonin gadi su tsare bututu, satar kuma ta ragu. Duk da haka haƙon yana kai-kawo ne wajen ganga miliyan 1.5. Giɓin ganga miliyan ɗaya da ke tsakaninsa da na 2005, sakacin hukuma ne ya fi kowa hannu a cikinsa.