Takalmin damana: a bar baƙin mai

Damana ta kusa. Wasu suna shafa wa takalman fata baƙin man mota don kada ruwa ya shiga. A ganinmu kuskure ne: baƙin mai yana da guba, kuma yakan ratsa takalmi ya taɓa jiki.

Gwamma a narka kakin zuma kashi 1 da man kaɗe kashi 2. A goge takalmi, a shafa da ɗuminsa, musamman wajen ɗinki, domin nan ruwa yake bi. A bar shi ya kwana cikin inuwa. Zafin wuta yana tsaga fata.

Amma mai aiki cikin ruwan shinkafa, dogon takalmin roba ya kamata ya sa, saboda tsutsar tsargiya, mai kawo fitsarin jini, ta fatar mutum take shiga.