Ƙurar beriliyom ba ta bambanta masani da mai shara

Ɗakin bincike, wanda ake kira laboratuwar, wuri ne na masu ilimi, inda ake auna kome, a rubuta kome. Saboda haka jama'a suna ɗauka babu inda ma'aikaci ya fi samun tsaro kamar can. Tarihin wani ƙarfe mai suna beriliyom ya nuna ba kullum haka abin yake ba. Wannan ƙarfe ya halaka ma'aikatan masana'antu, ya halaka masana, ya bi tufafin aiki har cikin gidaje. Darasin da ya bari guda ne: kiyaye lafiyar ma'aikaci nauyi ne da ke kan shugabannin ma'aikata tun kafin a fara aiki, kuma ba a sanin ko sun sauke shi sai an dubi halin wanda ya fi kowa ƙaramin matsayi a wurin.

Wani masani Bafaranshe mai suna Vauquelin ne ya gano beriliyom a shekarar 1798, a cikin dutsen beril, dangin da zumurrudu yake ciki. Faransawa sun daɗe suna kiransa da wani suna mai ma'anar zaƙi, domin gishirinsa yana da zaƙi a harshe. Ƙarfe ne mai ruwan toka, ya fi aliminiyom rashin nauyi, ya fi baƙin ƙarfe wuyar lanƙwasawa, kuma ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1287. Hasken da likita ke ɗaukar hoton ƙirji da shi yana ratsa shi ba tare da wahala ba, shi ya sa ake yin ƴar tagar na'urorin awon duwatsu da ƙarafa da shi. Da shi ne James Chadwick ya gano ƙwayar nutron a Ingila a 1932. Da shi aka ƙera madubai 18 na babban tabaron hangen taurari na James Webb, wanda aka harba a watan Disamba na 2021. Ƙarfe mai irin wannan amfani ba za a ce masana su yar da shi ba. Maganar ita ce yadda za a yi aiki da shi.

Yadda cutar take

Guntun beriliyom da ke ajiye, ba a taɓa shi ba, ba shi ne abin tsoro ba. Haɗarin yana tasowa sa'ad da aka goge shi, ko aka yanka shi, ko aka huda shi, ko aka ƙona shi, ya zama ƙura ko hayaƙi. Ƙurar ta fi ƙarfin ido, ba ta da wari. In ta shiga huhu, garkuwar jikin waɗansu mutane sai ta ɗauke ta abokiyar gaba, ta shiga yaƙi da ita ba ƙaƙƙautawa. Yaƙin nan ne yake barin ƙananan ƙulle-ƙulle da tabo a cikin huhu, har huhun ya sandare. Mutum ya fara busasshen tari, da haki in ya hau tudu, da gajiya, da rama, da zufar dare. Ta fata ma ƙurar tana iya shiga, musamman inda akwai rauni.

Abubuwa uku suka sa wannan cuta ta zama mai wuyar sha'ani. Na farko, tana jinkirin bayyana: wani bayan ƴan watanni, wani bayan shekara ashirin, wani har arba'in, sa'ad da ya daɗe da barin aiki. Na biyu, ba kowa take kamawa ba. A 1993 aka gano cewa akwai wani gado a jini da yake sa waɗansu su fi saurin kamuwa, don haka mutum biyu na iya aiki a teburi ɗaya, ɗaya ya tsira, ɗaya ya kamu. Na uku, ba ta da maganin warkewa. Kortizon da iskar oksijen suna rage wahala, amma tabon huhu ba ya komawa. Ban da wannan, cibiyar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon ta sa beriliyom cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji ga ɗan Adam tun 1993.

Shekara hamsin a kan adadi ɗaya

A 1946 wata likita Ba'amurkiya mai suna Harriet Hardy, tare da abokin aikinta Irving Tabershaw, suka bayyana labarin ma'aikata 17 na wata masana'antar dogayen ƙwayayen lantarki a jihar Masacuset, waɗanda huhunsu ya lalace. A garin Lorain na jihar Ohayo kuwa, a waɗannan shekaru, an sami cutar a jikin mutanen da ba su taɓa shiga masana'antar beriliyom ba: maƙwabta, da matan da ke wanke tufafin aikin mazansu. A 1949 aka daina sa beriliyom cikin waɗannan ƙwayayen lantarki, kuma hukumar makamashin nukiliya ta Amurka ta kafa iyaka: mikrogaram 2 a cikin kowane metir kubik na iska. Mikrogaram shi ne garam ɗaya a raba shi gida miliyon. Masana biyu ne suka tsayar da wannan adadi a cikin motar haya, a kan hanyarsu ta zuwa taro, bisa ƙiyasi da ɗan abin da aka sani a lokacin.

Iyakar ta yi amfani, domin ta kusan kawar da cutar farat ɗaya, mai ƙona huhu cikin ƴan kwanaki. Amma ba ta tsayar da cutar sannu a hankali ba. Duk da haka aka riƙe ta shekara hamsin kamar hukuncin da ba ya tashi. Ilimi bai kuɓutar da kowa ba: Herbert Anderson, wanda ya yi aiki tare da Enrico Fermi wajen kunna tukunyar nukiliya ta farko a Shikago a 1942, ya rasu a 1988 bayan shekaru da yawa yana fama da cutar beriliyom. Da aka sami gwajin jini mai nuna ko jikin mutum ya fara yaƙi da ƙarfen, aka gwada ma'aikatan Rocky Flats a jihar Kolorado, sai ga alamar har a jikin sakatare da mai gadi, waɗanda ba su taɓa riƙe ƙarfen da hannu ba.

Sai a 1999 ma'aikatar makamashi ta Amurka, wadda manyan ɗakunan bincike na nukiliya suke ƙarƙashinta, ta kafa dokar rigakafi, inda ta wajabta ɗaukar mataki da zarar awo ya kai mikrogaram 0,2. A 2000 majalisar ƙasar ta yi dokar biyan diyyar dala 150.000 ga ma'aikacin nukiliya da ya kamu. A 2017 hukumar kiyaye lafiyar ma'aikata ta mai da 0,2 iyaka ga masana'antu, watau kashi ɗaya cikin goma na tsohon adadi. Tarayyar Turai ta amince da wannan adadi a 2019, tare da ba masana'antu wa'adi zuwa 2026. In aka raba ƙwayar gero ɗaya gida dubu ashirin, kashi ɗaya daga ciki ya fi 0,2 ɗin nan nauyi. Abin lura shi ne, iyakar doka shinge ce da mutane suka kafa gwargwadon saninsu. Daraktan da ya ce awonsa bai wuce doka ba, ya tsaya nan, bai gama aikinsa ba. Wajibi ne ya rage ƙurar iyakar abin da zai yiwu.

Abin da ya wajaba a kan shugabanni

Waɗansu suna cewa ɗakin bincike ba masana'anta ba ne, abin da ake taɓawa kaɗan ne, ƙyallen rufe hanci ya wadatar. Wannan magana ba ta tsaya ba. A masana'anta aiki ɗaya ake maimaitawa kullum, ana iya shirya masa. A ɗakin bincike kuwa aiki yana sakewa, ɗalibai suna zuwa suna tafiya, ana gyara tsohuwar na'ura ba a san abin da ke cikinta ba. Ƙura tana kwanciya a bisa katako da cikin bututun iska shekaru da yawa, har ranar da magini ko mai gyaran lantarki ya zo ya tashe ta. Abin rufe hanci shi ne katanga ta ƙarshe. Wanda ya mai da shi ta farko ya ɗora wa ƙaramin ma'aikaci kayan da ba nasa ba.

Aikin farko shi ne ƙidaya: a san kowane wuri da kowace na'ura da ke ɗauke da beriliyom, a manna mata alama. Na biyu, a tambaya ko wani ƙarfe zai iya maye gurbinsa. Babbar ma'aikatar binciken makamashi ta ITER da ake ginawa a kudancin Faransa ta yi niyyar shafe bangon cikin tukunyarta da beriliyom, daga baya ta koma ga ƙarfen tungsten, kuma gubar beriliyom tana cikin dalilai. Inda ba makawa, sai a yi aikin cikin akwati rufaffe mai safar hannu, da na'urar zuƙe iska mai matata, ana jiƙa ƙarfen sa'ad da ake yanka shi. A hana shara da tsintsiya, a hana hure ƙura da iska. A goge da jiƙaƙƙen tsumma. Tufafin aiki su kwana a wurin aiki, a wanke su can, ma'aikaci ya yi wanka kafin ya koma gida. Kada a ci, kada a sha a ɗakin. A riƙa auna iska da bisan tebura a kai a kai, a kuma nuna wa ma'aikata sakamakon.

Sa'an nan sai rajista. Tun da cutar tana jinkiri, takarda ce kaɗai shaidar ma'aikaci. Dokar Turai ta ce a ajiye irin wannan rajista shekara 40 bayan mutum ya bar aikin. Dole sunan mai shara, da mai wanki, da mai gadi, da ɗan kwangila, da ɗalibi ya shiga ciki kamar na farfesa, kuma a ba kowa damar gwajin jini ba tare da tsoron kora ba. Yarjejeniya mai lamba 170 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1990, ta ba ma'aikaci hakkin sanin irin sinadarin da yake aiki da shi. Gargaɗin da aka rubuta cikin harshen da mai shara ba ya karantawa bai cika wannan hakki ba. A faɗa masa da baki, cikin harshensa, a nuna masa a aikace.

In gemun ɗan'uwa ya kama wuta

Maganar ba ta tsaya ga Turai da Amurka ba. Ƙananan tukwanen nukiliya na bincike da ke Kwabenya kusa da Akara, da Zariya, an kewaye zuciyarsu da beriliyom. Na'urorin awon duwatsu da ake aiki da su a ɗakunan binciken ma'adinai da jami'o'i suna da tagar beriliyom. Ana gauraya shi da jan ƙarfe a kayan lantarki, da waɗansu ƙarafan haɗa haƙora. Muddin suna rufe, lafiya lau. Ranar tsoro ita ce ranar da taga ta fashe, ko na'ura ta mutu aka sayar da ita ga masu tsofaffin ƙarafa, ta faɗa hannun maƙeri. Wani haɗari kuma shi ne, alamun cutar sun yi kama da na tarin fuka. A ƙasar da tarin fuka ya yawaita, ana iya ba mutum maganinsa wata shida a banza, in likita bai tambaye shi aikin da ya taɓa yi ba.

Za a ce kuɗi. Gaskiya ne matatar iska da gwajin jini suna da tsada. Amma littafin rajista, da alama, da bokitin ruwa, da akwatin ajiye tufafi, da hana tsintsiya, ba su fi ƙarfin kowace ma'aikata ba. Ya kamata hukumar da ke sayen na'ura ta sa kuɗin tsaro da na zubar da ita cikin lissafi tun ranar saye, masu duba ma'aikatu su nemi ganin rajista, ƙungiyoyin ƙwadago su nemi ganin awo. Ɗakin binciken da ba ya iya waɗannan, ya bar yankan beriliyom ga wanda ya iya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.