A Bar Ɗan'uwan Karas a Kan Dutsensa

Manomin da ke da gona a gindin tsaunukan Nyanya, Karu ko Kugbo ya saba ɗaukar duk abin da ya tsiro cikin tsagin dutse a matsayin abin wuta. Ina da ja a kan wannan, musamman saboda wani ɗan itace da masana tsirrai ke kira Steganotaenia araliacea.

Dangin karas ne, kuma a nan abin mamakin yake, domin kusan dukkan danginsa ciyayi ne, shi kuwa ya miƙe har ya kai mita 2 zuwa 7. Gane shi ba wuya. A murza ganyensa, ƙamshin karas zai tashi. Bakin ganyen na da haƙora kamar zarto, kowane haƙori da ɗan gashi a ƙarshensa. Da rani yakan zubar da ganye, sannan ya fid da ƙananan furanni farare masu ratsin kore, a jere kamar haƙarƙarin laima. 'Ya'yansa falan-falan ne masu fiffike, iska ke ɗaukarsu. Sai dai a yi hattara, ƙamshi ba izinin ci ba ne: cikin wannan dangi aka sami dafin da ya kashe Sokiratis na Girka.

Ana samunsa daga Afirka ta Yamma har Habasha da kudancin nahiyar, amma a warwatse, ɗaya nan ɗaya can, galibi inda ƙasa ta taru a tsakanin duwatsu. Irin wannan wuri ne ke ƙarewa tun da aka maido babban birni Abuja a 1991. Gidaje sun hau tsauni, masu fasa dutse na cin gefensa, wutar daji kuma na bi kowace shekara.

To, me manomi zai samu idan ya bar shi? Itacensa laushi ne da shi, ba ya gawayin kirki, don haka sare shi asara ce zalla. Saiwarsa kuwa na riƙe 'yar ƙasar da ruwan Agusta zai kwaso ya binne shukar da ke ƙasa. Haka nan a 1973 masu bincike a Amurka sun fitar da sinadarin steganacin daga jikinsa, wanda ya nuna tasiri kan ƙwayoyin sankarar jini a ɗakin gwaji.

Shawarata: a share ciyawa kewaye da shi kafin lokacin ƙone-ƙone, a kuma yanki reshe a dasa a iyakar gona da farkon damina, domin yana kamawa daga reshe.