Warin da ke gyara miya

 

A hutun da ya wuce mun shiga motar haya daga kasuwar Talata Mafara za mu Bakura. Wata dattijuwa ta shigo da ƙwaryar daddawa, sai wasu ɗalibai biyu suka toshe hanci suna ƙunshe dariya. Baiwar Allah ba ta ce uffan ba, ta dai ja mayafi ta rufe ƙwaryarta. Abin ya tsaya mana a rai, domin da yawanmu da kuɗin daddawa aka saya mana littafin farko.

Bari mu fara kai ku nesa, sannan mu dawo gida. A tsaunukan Afganistan da Iran akwai wani tsiro dangin karas. Sai ya shekara 4 ko 5 kafin a yanke kan saiwarsa, wani farin ruwa kamar madara ya tsattsafo, ya daskare ya zama ƙaro. Larabawa suna kiran ƙaron haltit, Indiyawa kuma hing. Saboda sinadarin farar wuta da ke cikinsa, warinsa ya kai har Turawa suka yi masa laƙabi da kashin shaiɗan. Amma da an jefa ɗan ƙanƙani a mai mai zafi, sai warin ya koma ƙanshi irin na soyayyar albasa da tafarnuwa. Indiya tana sayo mafi yawansa daga Afganistan, kuma a 2020 masananta suka fara gwada nomansa a jihar Himachal Pradesh don su rage dogaro da waje. Ba su ji kunyar warin ba, bincike suka tsaya yi a kai.

To, mu ma muna da namu. Daddawa daga kalwa take, wato 'ya'yan ɗorawa. Ana dafa kalwa tsawon sa'o'i har ta yi laushi, a surfe, a wanke, a sake dafawa, sannan a rufe ta a wuri mai ɗumi kwana 2 zuwa 3. A waɗannan kwanakin wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu suna Bacillus subtilis, suke farfasa furotin ɗin kalwar. Nan ake samun abu biyu: iskar amoniya, wadda ita ce warin, da sinadarin gulutamet, wanda shi ne daɗin. Wani masani ɗan Japan, Kikunae Ikeda, shi ya gano a 1908 cewa gulutamet ne ke ba abinci wannan ɗanɗanon, kuma shi ake zubawa a dunƙulen miya na kanti. Ga shi kusan kashi ɗaya bisa uku na daddawa furotin ne, abin da ya sa take tsaya wa gidan da nama ya yi wa tsada. Haka ma daddawar batso da iyayenmu ke yi da gurguzu, 'ya'yan sure. Ashe dattijuwar nan ta motar haya ta daɗe tana aikin da muke haddacewa a ajin bayoloji.

Sai dai akwai abin damuwa. Duk wanda ya bi gonakin ƙauyukan Maradun da Bakura zai ga tsofaffin bishiyoyin ɗorawa sun fi ƙanana yawa. Ana sarewa don itace da gawayi, ba a dasa wasu, ga rashin tsaro ya hana mata da yawa shiga daji. Ranar da ɗorawa ta ƙare, ba miyar kuka kaɗai za ta yi salam ba, sana'ar iyayenmu mata ce za ta tafi.

Aikinku na wannan mako: ku zauna da Inna ko Kaka, ku rubuta yadda take haɗa daddawa daki-daki, ku kai wa malamin kimiyya ku tattauna. Idan damina ta faɗi kuma, ku nemi izinin shugaban makaranta ku shuka kalwa ko da guda biyar ce.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.