Ba kowane abin mamaki ne aikin aljanu ba

Turawan Ingila suna cewa "supernatural", Faransawa kuma "surnaturel". Kalmomin biyu daga Latinanci suka fito: "super" bisa, "natura" halitta. Ana nufin abin da ya wuce halittar da aka sani, kamar aljanu.

Kalma ce mai nauyi. Bai kamata a ɗora ta kan kowane abin mamaki ba. A duwatsun Keita da Buza ana tsintar katantanwar teku wadda ta zama dutse. Wani zai ce aljanu suka ajiye ta. A'a! Shekaru fiye da miliyan 50 da suka wuce, teku ne ya rufe ƙasar Adar.

Yaron da ya ce "aljanu ne" sai ya gudu, bai koyi komai ba. Ɗan lakwal na ƙwarai yakan ɗauki dutsen, ya kai wa malaminsa, ya tambaya. Matambayi ba ya ɓata.