Wa ke rubuta tarihin 'yan wasanmu?

A 1973, Durham, ƙaramar ƙungiyar kurket a Ingila, ta doke babbar ƙungiyar Yorkshire a wasan yini ɗaya. Har yau sunayen 'yan wasan da makin kowannensu na nan a rubuce.

To mu fa? A Ikara, Makarfi da Kudan, gasar ƙwallon ƙafa kan cika fili maƙil, bidiyo ya karaɗe TikTok. Bayan wata biyu ka tambayi wanda ya fi zura ƙwallo, sai gardama ta kaure. Mai farautar 'yan wasa kuwa ba ya sauraren "wallahi yaron ya iya", alƙaluma yake nema. Haka gwanayenmu ke tsufa a layi. Wayar hannunka ta isa: suna, rana, sakamako. Gasa mai zuwa, wa zai riƙe littafin?