Tafkin Bakolori da rigar da ba ta kai kuɗin waya ba

1/ Jiya a hostel wani abokina ya nuna min bidiyon ƴan yawon buɗe ido a ƙasar Niyu Zilan, ya ce “ka ga inda ake rayuwa”. Ni ɗan Damri ne, ta Bakura. Na kalla sau uku, na kasa barci. Zare ne, ku biyo ni a hankali.

2/ Tafkin sunansa Rotoiti, kusa da garin Rotorua. Kowa da ɗan ƙaramin kwale-kwalensa da filafili, ɗan jagora na gaba. Ya kai su wani kogo mai duhu, rufinsa cike da tsutsotsi masu haske kamar makesu. Hasken ma tarko ne, da shi suke jawo ƙwari su maƙale a zarensu mai yauƙi.

3/ Daga nan sai maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Manupirua, wadda sai ta ruwa ake isa gare ta. Su yi wanka su dawo. Shi ke nan fa. Kuma kuɗi suke biya ba kaɗan ba.

4/ Abokina kogon ya gani. Ni rigunan na gani. Ba mutum ɗaya a bidiyon nan da ba ya sanye da rigar ceto, har shi jagoran da ya fi su iya ruwa. A ganina abin da suke sayarwa ke nan: tabbacin cewa yadda ka shiga haka za ka fito.

5/ Don ruwa kam muna da shi. An gama dam ɗin Bakolori a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, tafkin ya kai wajen hekta 8,000. Wanda ya taɓa tsayawa bakinsa da la'asar, masunta na dawowa, ya san ba sai an yi masa ado ba.

6/ Ruwan ɗumi da koguna ma ba sai an yi biza ba. Wikki a Yankari, jihar Bauchi, kusan digiri 31 yake rani da damina. Ga kogunan Marshall guda 59 da mutanen da suka haƙa cikin dutse, duk a dajin.

7/ To me ya hana mu? Na farko kowa ya sani, ba sai mun yi wa juna ƙarya ba. A Mayun 2022 ƴan bindiga suka shigo Damri da ƙauyukan kusa, suka kashe gomman mutane. Wanda ke tsoron zuwa gonarsa ba za ka yi masa zancen shaƙatawa ba.

8/ Na biyun ne ba mu cika faɗa ba, shi kuma ba ya jiran a gama da ƴan bindiga. A Satumban 2024 kwale-kwale ya kife da manoma a Gummi, suna hanyar gona, gomman rayuka suka tafi. Ba harbi, ba hari. Lodi ne ya yi yawa, ruwa ya cika.

9/ Ni kaina na taɓa tsallaka ruwa da damina, mu da buhunan shinkafa da babur, bakin jirgin saura ƙiris ya sha ruwa. Na tambayi mai jirgin, “Baba, babu riga?” Ya yi dariya ya ce ɗan boko ya fara. Wallahi ni ma dariyar na yi, don kunya. Yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi.

10/ Za a ce kwana in ya ƙare ya ƙare. Gaskiya ne. Amma ai muna kulle ƙofa da dare, muna ɗaure akuya.

11/ Shi ya sa in na ji ana cewa a gina otal a bakin dam don jawo baƙi, sai in ce a dakata. A fara da mashiga: riguna a rataye, a rubuta adadin mutanen da kowane jirgi zai ɗauka, Sarkin Ruwa ya samu ikon hana wanda ya wuce ƙa'ida. Manomi da ƴar talla su fara amfana kafin baƙo.

12/ Ranar da hanya ta yi lafiya kuma, jagororin su zama ƴaƴan masuntan wurin. Su suka san inda zurfi yake. Su ne kuma za su iya nuna maka inda gonakin kakanninsu ke kwance ƙarƙashin ruwa, su ba ka labarin Afrilun 1980, lokacin da ƴan sanda suka buɗe wa manoman Bakolori wuta kan rikicin diyya. Da yawanmu a aji ba su taɓa jin wannan ba.

13/ Hutun nan zan je mashigar da na tsallaka in ƙirga jirage nawa ne, riguna nawa ake buƙata. Ƴan Mafara, Bakura da Maradun, wa zai raka ni?